Motar da Hanaa Ta Tuƙo

Asabar, 20 ga Afrilu, bayan la'asar

Kwana huɗu ke nan motar Mukhtar tana ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar garejina, sai yau na ɗaga bonet. Matata Hasina ce ta matsa mini. Ta ce, "Ka gyara ta kowa a garin nan, ta ɗan'uwanka kuma ka bar wa kaji?" Gaskiyarta. Har wata kaza ta fara ƙwai a ƙarƙashinta.

Na zaro sandar awon man giya. Man giyar otomatik ja ne kamar karkade, ba shi da wani wari. Wannan baƙi ne, mai kauri, yana warin ƙanzon da ya ƙone. Na murza a yatsa, na sansana, na sake murzawa. Man inji ne. Man inji a cikin girboks!

Shekara ashirin da shida ana kirana Usta Mato, wato babban makanike, a bakin hanyar nan ta Sinnar, amma ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shi ne zai zuba man inji a giyar otomatik. Ni na haɗa masa motar nan da hannuna. Gangar jiki kawai ya saya, wata biyu na yi ina kwance a ƙarƙashinta. Ranar da zai tafi da ita Madani na kama kunnensa na ce, jan mai kaɗai, Mukhtar, ko da za ka kwana da yunwa. Ya yi dariya ya ce shi malamin lissafi ne, ba ya manta ƙa'ida.

Matarsa Hanaa ce ta shigo da motar garin nan ranar Talata, ita kaɗai, da cikin wata takwas. Motar na jan jiki kamar jaki mai ciwon ƙafa. Har yau ba ta ce komai game da inda yake ba. Ni ma ban tambaye ta ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu, da hantsi

Na tayar da ita, na bari ta yi zafi, na ja giya zuwa D, ina ƙirge. Sai da na kai shida sannan ta kama, kuma da fizga, kamar an dake ta daga baya. Lafiyayya ko biyu ba a kaiwa.

Na bi gefen tur'a, babbar magudanar ban-ruwa, da ita har gada. Ta ɗaya lafiya. Ta biyu da kyar. Da ta zo shiga ta uku sai inji ya kama kururuwa, mota kuma tana nan yadda take. Santsi take yi a ciki, farantan kuloci ba sa riƙewa.

Na danna maɓallin mukayyif, na'urar sanyaya mota, don in ji ko sanyi yana zuwa. Iska mai zafi ta buso mini a fuska kamar daga bakin tanda. Shi ma ya kashe shi. Me ya rage bai kashe ba?

Tun farko na ce masa kada ya sayi otomatik, motar ragwaye ce, in ta lalace a daji ko turi ba ta tashi. Bai ji ba. Bai taɓa jin maganata ba.

Litinin, 22 ga Afrilu, azahar

Inna, mahaifiyarmu, ta sa an ajiye wa Mukhtar asida, tuwon garin nan, a rufe, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Na fita ban ci tawa ba.

Talata, 23 ga Afrilu, bayan magariba

Mun kai Hanaa wurin wata likita a Sinnar, ni da Hasina, a rakshar maƙwabcina Bilyaminu, keke mai ƙafa uku. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likitar ta auna jininta sau biyu, ta kira ni waje.

Ta ce jinin ya hau ƙwarai. Ta ce wannan haihuwa sai an yi aiki, kuma kada a wuce mako uku. Ta ce ita ba ta da wurin yi, gari ya cika da waɗanda suka gudo, wuta kuma sai ta ga dama. Ta tambaya ko muna da kowa a Gadarif. Na ce ƙanwar uwar Hanaa tana can. Ta ce to ku tafi, amma ba a bayan lori ba, ba a cikin rana ba. Zafi da jijjiga za su iya jefa ta cikin jijjigar da ba a tashi. Ta ce, "Kuna da mota mai sanyi?"

Na ce muna da ita.

Hanyar kwalta ta Madani ba ta biyuwa yanzu saboda yaƙin nan, kowa ya sani. Sai ta Dindir, ƙasa ce zalla, da an yi ruwan farko ta zama taɓo. Yini guda a cikin wannan bazara. Da giya biyu da iskar tanda.

Mukhtar, kana ji? Abin da ka bar mini ke nan.

Alhamis, 25 ga Afrilu, la'asar

Na ɗaga ta a jak, na kwance kaskon ƙasa. Baƙin man nan ya zubo mini har gwiwar hannu. A gindin kaskon akwai ɗan maganaɗisu mai kama ƙurar ƙarfe. Ya yi gashi kamar ɓera. Rariyar mai ta toshe da baƙin gari, garin farantan kuloci ne da suka ci kansu. Na wanke ta da fetur sau uku har haske ya fara ratsawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, man da na tara bai kai yadda ya kamata ba. Wato ba baƙon mai kaɗai ba ne, ta yi tafiya da ƙishirwa. Wane irin mutum ne zai ji mota na kuka haka ya ci gaba da taka totur?

Hasina ta kawo mini shayi ta same ni ina zaginsa a fili. Ta ce in rage murya, Hanaa na zaune a bayan katanga. Na ce ta ji mana. In tana da abin faɗa ta fito ta faɗa. Kwana tara mutum yana cikin gidanka, ya ci, ya yi salla, ya kwanta ya juya wa bango fuska. Mu ma namu ne. Ni na goya shi a bayana muna kai wa Baba abinci hawasha, gonarmu ta ban-ruwa.

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan an sauko

Liman ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ja ni gefe. Ya yi ta zagaye-zagaye. Daga ƙarshe ya ce in iyali sun ga lokaci ya yi, akwai sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba.

Na zare hannuna. Na ce, "Malam, wa ya aiko maka da labari?" Ya ce babu. Na ce to in an aiko ka faɗa mini.

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Shi ya ɗaura mini aure. Ba zan je ba shi haƙuri ba, ba yau ba.

Mutane suna ta shigowa wurin Inna su zauna, su yi shiru, su tashi su ce Allah ya bayyana. Ba gaisuwar mutuwa ba, ba ta barka ba. Suna shanye mana sukari.

Asabar, 27 ga Afrilu, da hantsi

Yau mukayyif. Fiyus lafiya. Bel lafiya. Kwampireso ba ya kamawa. Na cire soket na makunnin da ke jin ƙarfin gas, na haɗa bakin biyu da guntun waya. Ƙat! ya kama. To yana da rai, gas ne babu ko ɗigo, makunnin ne ke hana shi aiki don kada ya ƙone. Na cire wayar maza.

Gas ba ya ƙarewa don kansa, ta wani wuri ya fita. Na hura mata iska da famfon taya, na kaɗa ruwan sabulu zan bi bututu ɗaya-ɗaya. Ban ma buƙaci sabulun ba. Ina jin hucin daga gaba.

Na kwance ragar gaba. A kusurwar kwandensa ta ƙasa, ɓangaren direba, akwai rami. Zagayayye, ƙaramin yatsana ya shige shi daidai. Bakinsa ya lanƙwashe zuwa ciki. Dutse ba ya yin irin wannan.

Asabar ɗin dai, bayan azahar

Na koma. Na zura waya ta ramin in ga inda ya bi. Ya kuskure lagireto da faɗin yatsa biyu, ya wuce ta ƙasa. A nan ne tiyon da ke kai man giya ya sha sanyi a lagireto yake. Na leƙa da tocila.

An naɗe tiyon da tsumma, an ɗaure da wayar cajin waya, ƙulli uku. Na warware. Tiyon ya yage rabi. Tsumman ya jiƙe baƙi ƙirin, sai da na wanke shi a fetur na ga launinsa. Shuɗi ne mai ƙananan fararen furanni.

Tob ɗin, wato mayafin, da ke jikin Hanaa ranar da ta iso ke nan. Na ga gefensa a yage, na ɗauka ƙofar mota ce ta kama shi.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ban buɗe gareji ba.

Litinin, 29 ga Afrilu, la'asar sakaliya

Na kai kwandensa kasuwar Sinnar wurin Mustafa mai gyaran firji. Tare muka yi koyo a Makwar muna samari. Ya ɗaga shi ga haske, ya sa yatsa a ramin, ya dube ni.

Ya ce, "Ya Usta, wannan ai harsashi ne. Wa ke cikin motar?"

Na ce walda na kawo a yi mini, ba karatu ba.

Muka zauna jiran wuta har azahar, ba ta zo ba. Ya aro janareta wurin mai niƙa, ya datse layuka biyun da suka fashe, ya toshe bakinsu da waldar alminiyon. Ya ce sanyin zai ragu kaɗan amma zai riƙe. Ya shiga can ƙuryar shago ya fito da gwangwanin gas guda ɗaya, ya ce shi ke nan abin da ya rage masa, ya ɓoye wa firjin uwarsa ne. Ya ce in na bari ya zube, kada in dawo.

Jan mai kuwa na zagaye kasuwa kaf, lita huɗu na samu. Wani ya so ya sayar mini da man birki wai duk ɗaya ne. Saura kaɗan in kwaɗa masa galan ɗin a ka. Ragowar na tsotso daga wata mota da ta yi karo aka yar a bayan tasha, nata bai ƙone ba, na tace shi da ɗankwali.

Juyewa ɗaya ba ta isa. Yawancin man yana maƙalewa a cikin tulun da ke tsakanin inji da giya, ba ya fitowa ta kasko. Sai an zuba sabo, an zaga, an zubar, an sake, har sau uku. Zan fara da na tsohuwar motar, sabon sai a ƙarshe.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi don kada in canza shi a kaina daga baya.

Ina ƙarƙashin mota ina ɗaura sabon tiyo na ga ƙafafu biyu kumburarru sun tsaya a gefen taya. Na fito. Hanaa ce. Tsumman yana shanye a kan ƙofar gareji, ta gan shi. Na jawo mata kujera.

Da Larabci ta yi maganar. Haihuwar Madani ce, Hausarta ta kaka ce, tana ji amma tana jin kunyar yi. Mukhtar kullum cikin tsokanarta yake.

Ta ce, "Yaya, ni na zuba man. Ka daina zaginsa."

Ta ce sun baro ƙauyen da suka fake tun watan sanyi, suka bi hanyoyin gefen tur'a don kauce wa kwalta. A kan wata ƙaramar gada suka tarar da 'yan bindigar nan, su biyar, da mota ɗaya. Aka ce Mukhtar ya fito. Ya fita ya bar injin a kunne. Suka karɓe wayarsa, suka ga katin aikinsa, suka ce ba malami ba ne, ƙarya yake. Biyu suka fara gardama a kan wa zai ɗauki motar.

Ta ce hannunsa na sama, fuskarsa na kallonsu, bai ko waiwayo ba. Ya yi magana da Hausa, a hankali, kamar yana tambayarta inda ta sa takarda. Ya ce, "Hanaa, matso ki kama sitiyari. Taka na hagu, ki ja zuwa D. Sai ki taka na dama, kada ki ɗaga."

Ta ce sau biyu kawai ya taɓa ba ta tuƙi, a filin makarantarsu. Ta ce ba ta san yadda ta tsallaka da cikin nan ba. Ɗaya daga cikinsu yana tsaye a gaba, ya yi tsalle gefe. Ta ji ƙarar bindiga sau uku. Ba ta duba madubi ba. Ta ce, "Ya ce kada in ɗaga, ban ɗaga ba."

Bayan kamar rabin sa'a motar ta daina ja, inji na ihu. Ta tsaya kusa da wani injin ban-ruwa. Wani tsoho mai gadinsa ya leƙa ƙasa ya nuna mata inda jan abu ke ɗiga. Ba shi da komai sai man injinsa. Ya ce bai sani ba ko zai yi. Ta yage tob ɗinta, shi ya naɗe, ita ta ɗaure. Ta zuba man da ledar ruwa da aka huda wa gindi.

Ta ce, "Na san ba shi ne nata ba. Yana faɗa mini kullum, Yaya ya ce ja kaɗai. Amma babu ja."

Na ce mata ɗaurin ya yi kyau. Abin da ya fito daga bakina ke nan. Mace ta gaya mini wannan, na ce ɗaurin ya yi kyau.

Na tambaye ta ko ta ga ya faɗi. Ta ce ba ta gani ba. Ba ta ga ya faɗi ba, ba ta ga yana tsaye ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, azahar

Juyi na biyu. Man ya fara komawa ruwan ƙasa. D tana kamawa a ƙirga uku.

Wa zan zaga yanzu?

Asabar, 4 ga Mayu, da hantsi

Na mayar da kwandensa. Na zuƙe iskar ciki da tsohon kwampireson firji da Mustafa ya ba ni, na jira sa'a guda, allura ba ta motsa ba. Na ɗura gas ina riƙe da numfashi. Kwampireso ya kama da kansa. Na sa hannu a bakin iska har yatsuna suka yi sanyi. Ya kamata in ji daɗi.

Akwai abin da ban rubuta ba.

Kwana biyu kafin su taso ya same ni a waya, ta na'urar da ake biya a yi kira a kasuwar ƙauyen. Ya ce mutane za su fita da keken jaki, ba wanda ke kula keken jaki, yana tunanin ya bar motar a gidan da suka sauka su bi su. Na ce me? Motar da na yi wata biyu a ƙarƙashinta za ka bar wa ɓarayi? Na ce kai dai tun kana yaro ba ka san zafin abu ba, don ba kai ke yi ba. Na ce ka zo da ita, in ba haka ba kada ka zo mini gareji.

Ya ce, "To, Yaya."

Sau ɗaya a rayuwarsa ya ji maganata.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan magariba

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, Inna na ɗaki tana lazimi. Na tsuguna nesa kaɗan na fara faɗa mata. Ban kai rabi ba ta tare ni.

Ta ce, "Na ji ka ranar. Wayar a buɗe take."

Na ce to me ya sa ba ta ce komai ba duk kwanakin nan?

Ta ce don ta ji haushina. Ta ce kwana goma in ta ji muryata a gareji sai ta toshe kunne. Ta ce da ta samu hali ranar da ta iso da ta ƙone motar a ƙofar gidana. Ba ta ɗaga murya ba, hannunta bai bar waken ba.

Sannan ta ce, "Amma ko ba ka faɗa ba da ita za mu zo. Mun gwada keken, ban kai ƙarshen gari ba na fara ganin jini. Shi ya yanke, ba kai ba. Kada ka ɗauki abin da ba naka ba, Yaya, ka ƙyale masa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ka kai ni Gadarif tukuna."

Talata, 7 ga Mayu, la'asar

Juyi na uku, da sabon mai. Ja ya dawo, ko da yake da duhu. Da sanyin safe tana shiga ta uku lafiya lau, har ta huɗu. Na kunna mukayyif na yi ta zagaye da ita cikin rana, bayan minti arba'in santsin ya dawo.

Na gane. Kwandensa yana gaban lagireto, duk zafin da ya kwaso daga cikin mota a kan lagireto yake juye shi, man giya kuma a nan yake shan sanyi. In ya yi zafi ya tsinke, tsofaffin farantan nan sai su saki. Wato sanyin da Hanaa ke buƙata shi ke kashe giyar da za ta kai ta.

Na jefa sifana ta bugi ƙofa. Na je na ɗauko.

Na ja wa fanka waya kai tsaye daga batir da makunni a gefen sitiyari, ta riƙa juyawa ba hutu. Na ciro ƙaramin lagireton hita daga wata mushen mota a bayan gareji, na wanke, na ɗaure shi a gaba inda iska ke bugawa, na bi da man giya ta cikinsa kafin ya koma. Ba kyau, kamar an liƙa wa mutum kunne na uku. Na sake zagayawa sa'a ɗaya da rabi, ba ta saki ba sai sau ɗaya a yashi.

Bilyaminu ya zo wai ko akwai wurin surukarsa da buhu biyu. Na ce babu. Ya ce ai mota ce mai cin biyar. Na ce kowane kilo a kan giyar nan yake, in yana so ya zo ya ɗauki Hanaa a kai. Ya tafi yana gunaguni. Ya yi ta yi.

Akwai hadari a gabas.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan azahar

Inna ta ce ba ta zuwa. Na yi magiya, na yi faɗa. Ta ce, "In yaron ga ya taho ya iske gida ba kowa fa? Ku tahi. Ni nan shi ka iske ni." Ƙanwata za ta dawo ta zauna da ita. Hasina za ta bi mu.

Na je na gaida Liman. Ban ambaci ranar Juma'a ba, shi ma bai ambata ba. Ya yi mana addu'ar hanya.

Juma'a, 10 ga Mayu, Gadarif, da hantsi

Mun iso jiya gab da magariba.

Mun tashi da an sallame asuba. Hanaa a baya a kishingiɗe, kanta a cinyar Hasina, an toshe tagogi da zannuwa. Har Dindir ba abin da ya faru, sai shingen sojoji da tambayar takardu. Kowace sa'a ina tsayawa in bar injin a kunne in duba sanda. Man na nan ja.

Bayan azahar muka shiga wani yashi mai tsawo, manyan motoci sun haƙe shi. Ina jin ta ta fara. Ta uku ta saki, ta kama, ta saki. Wari ya shigo, na san warin. Na mayar da ita 2 na bar ta a nan. Allurar zafi ta ci gaba da hawa.

Hanaa ta san kukan, ta taɓa jin sa. Daga baya ta ce, da Hausa, "Yaya, kashe sanyin."

Na ce likita ta ce. Ta ce, "Likita ba ta nan. Kashe."

Na kashe. Hasina ta jiƙa zane da ruwan jarka ta lulluɓe ta, tana fifita da murfin kwano. Sa'a biyu muka yi haka, tafiyar da mai keke zai iya wuce mu. In muka hau ƙasa mai tauri in kunna mata minti goma, in muka shiga yashi in kashe. Sau ɗaya ta daina amsa wa Hasina. Na juya. Hasina ta daka mini tsawa, ta ce in kalli hanya. Shekara goma sha tara da aure ba ta taɓa yi mini tsawa ba.

Ta uku ba ta sake dawowa ba. Da ta biyu muka shiga gari. A ƙofar gidan innar Hanaa na ja ta zuwa R don in gyara tsayuwa, ba ta ko motsa ba. A nan take har yanzu, rabi a kan hanya. An kai Hanaa asibiti a motar maƙwabta.

An yi ruwa a Dindir da safen nan, in ji masu lori.

Asabar, 11 ga Mayu, la'asar

Gobe za a yi aikin. Na zaga wuraren da waɗanda suka gudo daga Jazira, yankin su Madani, suke sauka, makarantu uku da tasha. Na nuna hotonsa. Wani ya ce ya ji ana tsare da mutane a wata masana'anta, wasu suna fitowa. Wani ya ce kada in wahalar da kaina. Na biyun ya ci sa'a akwai mata a wurin.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan azahar

Mace ce, Mukhtar.

Jiya da hantsi aka ciro ta. Ƙarama ce ƙwarai, amma ta yi kuka da kanta. Hanaa ta farfaɗo, jinin ya fara sauka. Aka fito da jaririyar a tawul aka ce ina uban, a yi mata kiran salla. Hasina ta tura ni gaba. Na ce hannuna ba ya fita, baƙin mai ya shiga farce. Ma'aikaciyar ta ce kunne za ka yi wa magana, ba hannu ba. Na yi mata. Muryata ta ƙi fita daidai, na sake daga farko.

Kunnuwanka ne da ita, manya, a buɗe. Allah ya sa gashi ya rufe.

Innar Hanaa ta tambayi sunan da za a sa. Hanaa ta ce kai ka zaɓa tun tuni, ka ƙi gaya mata, wai sai ta haihu. Ka ga irin halinka? Ko wannan sai da ka riƙe.

Na sayi rago da safen nan, yana ɗaure a jikin motarka, ta samu aikin yi. Na gaya musu ba wanda zai raɗa mata komai kafin Lahadi. In Lahadi ta yi ba ka zo ba ni zan zaɓa, kuma ka san ni da kai ba mu taɓa son abu ɗaya ba.

Kana da kwana shida.